Bugaggen Matuƙin Jirgi da Haƙƙin Wanda Ya Naƙasa

Har zuwa ƙarshen shekarar 2016, dokar jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka ƙaramin laifi ta ɗauki tuƙa jirgin ruwa a buge. Tarar tana farawa daga dala 250, ɗauri kuwa, in ma an yi shi, ba ya wuce kwana 60. Mutumin da ya sha ya hau titi da mota ya karya wa wani ƙashin baya, akwai sashe na musamman da ke jiran sa a kundin laifuffuka, sashen da ke kai mutum kurkuku na shekaru. Wanda ya sha irin wannan giyar ya hau tafki ya yi irin wannan ɓarnar, babu sashen da aka tanadar masa. Sai dai mai gabatar da ƙara ya shiga laluben tsofaffin dokoki ko zai dace da wadda zai rataya masa a wuya.

Rasuwar wata yarinya ce ta sauya lamarin. Ranar 4 ga Yulin 2015, ranar da Amurkawa ke bikin samun 'yancin kai suna cika tafkuna da jiragen shaƙatawa, yarinyar, 'yar shekara 17, tana durƙushe a kan allon wasan ruwa ana jan ta da igiya a tafkin Norman, sai wani jirgi da matuƙinsa ya sha ya bi ta kanta. Ba ta tashi ba. Iyayenta suka tarar cewa dokar tuƙin jirgi a buge ba ta san bambanci tsakanin wanda ya sha ya koma gida lafiya da wanda ya sha ya kashe 'yar mutane ba. Suka tsaya kai da fata a gaban majalisar jihar, har Gwamna Pat McCrory ya sa hannu a kan sabuwar doka a watan Yunin 2016, ta fara aiki ranar 1 ga Disamba, aka sa mata sunan yarinyar, Dokar Sheyenne. Tun daga ranar, kisa ta hanyar tuƙin jirgi a buge ya zama babban laifi. Yi wa mutum mummunan rauni shi ma ya zama babban laifi mai zaman kansa, wanda ɗaurinsa kan iya kaiwa kusan shekara biyar ga mai tarihin laifuffuka, kuma hukuncin yana ƙara nauyi idan an taɓa samun mutumin da irin wannan laifi a shekarun baya kaɗan.

Wannan sashe na biyu, na rauni, shi ya fi tsaya mini a rai, shi kuma aka fi saurin tsallakewa. Matsayina a kansa a fili yake. Duk wanda ya gusar da hankalinsa da hannunsa, ya kama sitiyarin jirgi ko hannun inji, ya bar wani bawan Allah da naƙasar da zai mutu da ita, ya cancanci ɗauri na gaske, ya kuma cancanci a ɗora masa nauyin jinyar wanda ya naƙasa. Cewa a kan ruwa abin ya faru ba ya rage masa komai.

Hasali ma ruwa ƙara wa laifin nauyi yake yi. Jirgi ba shi da birki. Ko an kashe inji sai ya ci gaba da tafiya har ƙarfinsa ya ƙare. Babu layin da aka zana a kan tafki, babu fitilar ba da hannu, da dare kuma babu fitilar titi. Fasinja ba ya ɗaure da bel, da yawa ma a tsaye suke ko a zaune a gefe. Wanda mota ta jefar, a ƙasa zai faɗi a zo a ɗauke shi. Wanda jirgi ya jefar, idan kansa ya bugu ya suma, mintoci kaɗan ne tsakaninsa da nutsewa, kuma ko an ciro shi da rai, ƙwaƙwalwar da ta rasa iska na minti huɗu zuwa shida ta riga ta fara lalacewa. Ga farfela a ƙarƙashin jirgi tana juyawa sau dubbai a minti guda, tana yanka duk abin da ta samu. Motar asibiti kuma ba ta zuwa tsakiyar tafki.

Shi kansa matuƙin, ruwan yana cin sa tun kafin ya kai kwalba baki. Awanni a cikin rana da iska, ƙarar inji, girgizar jirgi, ƙyallin rana a kan ruwa da ke kashe ido, duk suna gajiyar da mutum su rage masa saurin ankara. Giya a kan wannan gajiyar take sauka. Takan taɓa daidaituwar jiki, ta rage ganin gefe da ganin dare, ta wahalar da tantance ja da kore, alhali da waɗannan launuka biyu ake gane inda jirgin da ke tahowa ya dosa cikin duhu. Mafi muni, takan ba mutum wata irin yarda da kai a daidai lokacin da ya fi dacewa ya ji tsoro.

Alƙaluman Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka sun nuna girman abin. A shekarar 2023 ta lissafa haɗurran jiragen shaƙatawa 3,844, mutum 564 suka mutu, 2,126 suka jikkata. A cikin sanannun musabbaban mutuwa giya ce a gaba, da rayuka 79, wato kashi 17 cikin ɗari, kuma shekara da shekaru ita ke riƙe da wannan matsayi. A dubi lambobin nan biyu da kyau, 564 da 2,126. A kan kowace gawa guda akwai kusan mutum huɗu da aka kai asibiti. Wasunsu ɗinki kawai aka yi musu suka koma gida. Wasu kuwa gidan suka koma, amma ba yadda suka fita ba.

Dokar jihar Texas ta fayyace abin da take nufi da mummunan rauni: wanda ya jefa mutum cikin haɗarin mutuwa na zahiri, ko ya ɓata masa halitta har abada, ko ya hana wata gaɓa tasa aiki na tsawon lokaci. Hukuncin wanda ya jawo shi a buge ɗaurin shekara biyu zuwa goma ne da tarar da ta kai dala 10,000, kuma sashen bai raba mota da jirgin ruwa da jirgin sama ba, duk a layi ɗaya ya jera su. A Florida ɗaurin yakan kai shekara biyar. A Karolina ta Kudu daga kwana 30 ne zuwa shekara 15. Kanada, tun daga Disambar 2018, ta kai shi shekara 14. Iyakar giya a jini a mafi yawan waɗannan wurare 0.08 ce, wato giram 0.08 a cikin kowane mililita 100 na jini, daidai da ta direban mota. Ma'aikatan jiragen kasuwanci a Amurka kuwa rabin haka aka yanke musu, 0.04.

Kalmomin doka busassu ne. Wanda ya taɓa jinyar mai karyayyen baya ko mai taɓuwar ƙwaƙwalwa shi ya san abin da ke ƙunshe a cikinsu. Saurayi ne da jiya yake iyo, yau sai an juya shi bayan kowace awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Robar fitsari ce da za a riƙa sauyawa har ƙarshen rayuwa. Uwa ce da ta ajiye aikinta ta koma mai jinya dare da rana, tana tsufa tana tunanin wa zai karɓe ta idan ta faɗi. Ƙanne ne da aka karkatar da kuɗin karatunsu zuwa magani. Yarinya ce da ke kallon mahaifinta ba ta iya kiran sunansa. Mamaci ana yi masa zaman makoki na kwana uku, a yi addu'ar bakwai da ta arba'in, mutane su watse, zuciya ta fara koyon haƙuri. Gidan da ke da naƙasasshe kullum safiya sabon makoki ne, kuma babu mai zuwa gaisuwa bayan watan farko. Ban ce naƙasasshe rayuwarsa ta ƙare ba. Da yawa sun sake gina ta da ƙarfin halin da ke ba mai lafiya kunya. Amma ƙarfin halinsu nasu ne, ba rangwame ba ne ga wanda ya jefa su a ciki.

Akwai abin lura game da sunayen waɗannan dokoki. A Jojiya, bayan wani bugaggen matuƙi ya afka wa jirgin wani iyali a tafkin Lanier a watan Yunin 2012 ya kashe 'yan'uwa biyu, ɗan shekara 9 da ɗan shekara 13, majalisa ta sauko da iyakar giya daga 0.10 zuwa 0.08 a 2013, ta sa wa dokar sunan yaran. A Karolina ta Arewa sunan marigayiya ne. A Florida ma, Dokar Lucy da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2025 sunan marigayiya ce, 'yar shekara 17 da ta rasu a watan Satumbar 2022 lokacin da jirgi ɗauke da mutum 14 ya daki turken alamar hanya a mashigin ruwan Biscayne. A cikin wannan jirgin akwai wata ƙawarta, 'yar wasan ƙwallo, da aka ciro da rai amma ƙwaƙwalwarta ta samu raunin da zai sa a riƙa kula da ita har abada. Gawa tana motsa majalisa. Wanda ke kwance a ɗaki ana ba shi abinci a baki ba kasafai yake motsa ta ba, sai dai ya raɓi dokar da aka yi don wani. Ba na ƙyashin wannan karramawa ga mamatan, iyayensu sun yi jihadin da ya ceci 'ya'yan wasu. Ina cewa ne ido ya saba tsayawa a kan makara, ya wuce keken guragu.

A nan mai karatun Hausa yana da abin da zai tuna daga karatun zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce kuma ake karanta ta a garuruwanmu har gobe, tana da babi a kan hukuncin jini da haddi. A cikinsa, diyyar hannu biyu cikakkiya ce daidai da ta rai, haka ƙafa biyu, haka ido biyu, kowace ɗaya kuma rabi. Gushewar ji cikakkiyar diyya ce. Karyewar ƙashin baya cikakkiyar diyya ce. Gushewar hankali ma haka. Wato malaman sun auna wanda aka raba da hankalinsa ko da tafiyarsa, suka ga asararsa ta kai a biya ta da abin da ake biyan rai, raƙuma ɗari ko dinari dubu. Babin ya kuma raba mahaukaci da mashayi: mahaukacin da ya yi kisa danginsa ke biyan diyya, mashayi kuwa ana kama shi da abin da ya aikata, don shi ya kawar da hankalinsa da kansa. Yadda za a ɗora wannan a kan haɗarin jirgi, ko kuskure ne ko ganganci, aikin alƙalai da malamai ne. Amma ginshiƙan biyu a tsaye suke: maye ba uzuri ba ne, kuma gaɓar ɗan Adam tana da farashin da dole a biya mai ita.

Ginshiƙi na biyun nan ne dokokin Amurka suka fi rauni a kai. Kotu takan umarci mai laifi ya biya kuɗin magani, iyalai kuma sukan shigar da ƙarar neman diyya daban. Sai dai a mafi yawan jihohin ƙasar doka ba ta tilasta wa mai jirgin shaƙatawa ya yi inshora ba, saɓanin mota da kusan ko'ina dole ne. Idan bugaggen matuƙin ba mai hali ba ne, takardar hukunci kawai iyalin za su riƙe. Shi yana kurkuku gwamnati na ciyar da shi, su suna sayar da gida. Ɗaurin da bai zo da hanyar biyan jinya ba rabin adalci ne, kuma rabin da ya fi sauƙi ga 'yan majalisa, tunda ƙara shekaru a takarda ba ya cin kuɗin kowa, tilasta inshora kuwa yana ɓata wa masu jirage rai, su kuma masu ƙuri'a ne.

Masu adawa da tsananta hukunci suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Sukan ce: mutum biyu sun sha daidai wa daida, sun tuƙa a tafki ɗaya a dare ɗaya, ɗaya ya isa gaɓa bai haɗu da kowa ba, ɗaya kuma wani yaro ya ratso gabansa. Gangancinsu ɗaya ne, me zai sa wannan ya biya tara wancan ya yi shekara goma? Amsata ita ce, wanda ya isa gaɓa lafiya sa'a ya ci, kuma sa'arsa ba ta zama ma'aunin da za a auna ɗan'uwansa da shi ba. Wanda ya sha ya tayar da inji ya riga ya yarda da duk abin da zai biyo baya, ya kuma yarda a madadin mutanen da bai tambaya ba. Idan akwai gyara a nan, shi ne a ɗaga hukuncin na farkon, kada a bari sai jini ya zuba kafin doka ta ɗauki abin da muhimmanci.

Sukan kuma ce Amurka ta riga ta cika kurkukunta, kuma mai maye ba ya buɗe kundin doka kafin ya tayar da inji. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Masana laifuffuka sun daɗe suna nuna cewa tabbacin kamu ya fi tsawon ɗauri hana mutum aikata laifi. Amma shawarar tuƙi a buge ba a tsakiyar ruwa ake yanke ta ba. Da safe ake yanke ta, ido biyu, lokacin da ake loda akwatin ƙanƙara da kwalabe ba tare da an ware wanda ba zai sha ba don ya dawo da jama'a gida. A wannan lokacin doka tana iya yin magana a ji ta. Ban da haka, hukunci ba don tsoratarwa kaɗai ake yin sa ba. Da shi al'umma take gaya wa wanda aka zalunta nawa ta ɗauke shi. Tarar dala 250 ga wanda ya raba yarinya da ƙafafunta magana ce, kuma yarinyar ta ji ta.

Akwai wani abu da dokar matuƙi ba ta kaiwa gare shi, kuma adalci ne a faɗe shi. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2001, wanda aka yi a kan mace-macen jiragen shaƙatawa a Maryland da Karolina ta Arewa, ya gano cewa haɗarin mutuwa yana fara hawa tun daga ɗan kurɓi kaɗan, ya kai ninki fiye da 50 idan giya a jini ta kai 0.25, kuma fasinjan da ya sha yana cikin haɗari kamar matuƙin da ya sha, ko jirgin na tafiya ko yana tsaye. Mutum yakan miƙe ya zame ya faɗa. Saboda haka ware matuƙin da bai sha ba bai wadatar a ruwa kamar yadda yake wadatarwa a mota ba. Wannan aikin wayar da kai ne da rigar kariya. Bai taɓa hujjar hukunta wanda ya naƙasa wani ba.

Inda duk waɗannan dokoki suke tsayawa ko su faɗi shi ne awanni biyu ko uku na farko bayan haɗari. Jiki yana ƙone giya, kusan 0.015 a kowace awa, saboda haka hujja tana zirarewa yayin da ake ta ceto. Jami'in da ya iso yana da gawa ko mai numfashi sama-sama a gabansa, dole ya fara da su. Kafin a jawo jirgi gaɓa an ci lokaci. Gwajin tafiya a kan layi da ake yi wa direban mota ba ya aiki sosai ga wanda ya wuni a kan ruwa, don ko bai sha ba ƙafarsa na rawa, shi ya sa aka ƙirƙiro gwaje-gwajen da ake yi a zaune. Kotun Ƙolin Amurka kuma, a hukuncinta na 2013 da na 2016, ta ce ɗibar jinin mutum ba da yardarsa ba yana buƙatar izinin alƙali in ba a halin gaggawa na musamman ba. Duk wannan yana nufin jami'i guda, cikin dare, shi zai yanke ko za a samu shari'a ko ba za a samu ba.

Kuma a nan ne girman gida yake shigowa. A daren 24 ga Fabrairun 2019, jirgi ɗauke da matasa shida ya daki ginshiƙin gada a kusa da tsibirin Parris a Karolina ta Kudu. Wata 'yar shekara 19 ta faɗa ruwa, sai bayan mako guda aka ga gawarta, wasu biyu kuma suka ji munanan raunuka. Wanda aka tuhuma da tuƙin ɗan gidan Murdaugh ne, gidan da kaka da uba da ɗa suka riƙe kujerar babban mai gabatar da ƙara na yankin daga 1920 zuwa 2006. Ba a yi masa gwajin maye a wurin ba. Jinin da asibiti ya ɗiba don magani ne ya nuna giyar ta ninka iyakar doka wajen sau uku. Sai a watan Afrilu aka tuhume shi da laifi uku, ɗaya na kisa, biyu na mummunan rauni, kuma ba a kai ga sauraren shari'ar ba aka kashe shi a 2021. A haɗarin Biscayne ma ba a ɗebi jinin matuƙin ba a daren. Ya ce kwalba biyu kawai ya sha, jami'ai suka ce ba su ga alamar maye ba, kuma ba a taɓa tuhumarsa da tuƙi a buge ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Gwaji guda a daren da ya wanke shi ko ya kama shi, da iyalai biyu ba su kwashe shekaru suna tambayar da babu mai iya amsawa ba. Saboda haka nake ganin duk haɗarin jirgi da aka samu mutuwa ko mummunan rauni, gwajin matuƙi ya zama tilas, ba zaɓin jami'i ba, da alƙali mai jiran waya don ba da izini cikin mintoci. Wannan kariya ce ga mai gaskiya, kariya ce kuma ga ƙaramin jami'in da babban mutum ke tsaye a kansa.

Wani zai ce wannan matsalar masu kuɗi ce da jiragensu na alfarma. Wata shari'a a Kanada ta rushe wannan zato. A watan Afrilun 2017, wani mutum da ya sha giya ya kuma sha tabar wiwi ya ɗauki yaro ɗan shekara 8 a kwale-kwale na hannu, marar inji, a kogin Muskoka da ke lardin Ontario, lokacin da kogin ya cika yana gudu da ruwan ƙanƙara. Kwale-kwalen ya kife, ruwa ya ja yaron ya faɗa da shi magangara, ya rasu. Lauyoyi suka ce kwale-kwale ba jirgi ba ne a idon dokar. Kotu ta ce jirgi ne, ta ɗaure mutumin shekara shida, kotun ɗaukaka ƙara ta lardin kuma ta tabbatar da hukuncin a 2022. Abin da kotun ta duba shi ne an damƙa wa mutum rai a kan ruwa ya karɓa ba ya cikin hayyacinsa.

Wannan ya kawo mu bakin namu kogunan. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tarwatse da mutum fiye da 150, 'yan kaɗan suka fita. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar Mauludi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara. Ban kawo waɗannan don in jingina su ga maye ba. Abin da hukumomi suka ambata shi ne lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsofaffin jirage, kututturan itatuwa da ke ƙarƙashin ruwa irin waɗanda tafkin Kainji ya haɗiye tun 1968, da rashin rigar kariya. Masu fito da yawa gadon sana'ar suka yi, sun san ruwa fiye da yadda mai karatu ya san littafi, kuma ba daidai ba ne a shafa musu baƙin fenti a dunƙule.

Amma mu ma kada mu yaudari kanmu da cewa tunda giya ba ta yawaita a tashoshin jiragen Arewa ba, maganar ba ta shafe mu ba. Maye ba a kwalba kaɗai yake ba. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga cikinsu da magunguna irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba. Kowa ya san masu aikin ƙarfi da masu tuƙin dogon zango suna cikin waɗanda ake sayar wa ƙwayar da sunan maganin gajiya. Babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa bakin kogi ya tsira daga abin da ya shiga tashar mota. A Legas kuwa, jiragen gudu da ke kai masu shaƙatawa bakin teku a ƙarshen mako ba su da wani bambanci da na tafkin Norman.

Idan jirgi ya kife a wurinmu, abin da ake ji shi ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwana ne ya ƙare, Allah Ya jiƙan musulmi. Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma da shi iyayen da suka binne 'ya'ya uku a yini ɗaya suke iya miƙewa. Sai dai malaman da suka koya mana ƙaddara su ne suka koya mana diyya, ba su ga karo a tsakaninsu ba. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ne, shi zai bayar idan ya ga dama, bayan an gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ba hurumin mai unguwa ko ɗan siyasa ko shugaban tasha ba ne su yafe a madadinsa tun yana kwance a gadon asibiti.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin da suka hana tafiyar dare suka wajabta rigar kariya, ta kuma baza jami'ai a wasu tashoshi. Abin da ya kamata a ƙara ba ya buƙatar biliyoyi. Duk matuƙin da ya tsira daga haɗarin da aka rasa rai ko aka ji mummunan rauni, a kai shi asibiti mafi kusa a ɗebi jininsa da fitsarinsa a ranar, a gwada giya da ƙwaya duka. Majalisun jihohin da ke bakin Kwara da Binuwai da manyan madatsun ruwa su rubuta sashe bayyananne da ya ambaci jirgi da kwale-kwale da suna, ya yanke ɗauri ga wanda ya naƙasa wani yana cikin maye, ya kuma haɗa da mai jirgin da ya san halin yaronsa ya ba shi inji. Ƙungiyoyin masu fito da sarakunan ruwa su ware wani abu daga kuɗin fito a asusun jinya, tunda inshora ba ta isa ƙauyukan ba. Sannan sanarwar da hukumar agajin gaggawa ke fitarwa bayan kowane haɗari, mai cewa an ciro gawa kaza an ceto mutum kaza, a ƙara mata layi na uku: cikin waɗanda aka ceto, nawa ne har yanzu suke asibiti bayan wata guda, wane rauni suka ji, kuma wa ke biyan kuɗin maganinsu.